Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaman Duba Rubutun Juna na Marubutan Littattafan Yara a Legas

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mana, mu 'yan tsirarun Hausawan Legas da ke haɗuwa muna duba wa juna labaran littattafai masu hotuna da muke rubuta wa ƙananan yara. Wasu daga malaman makaranta suka fito, wasu daga iyaye mata, wasu kuma daga marubutan da suka saba da dogon labari suke son gwada na yara. Mun amsa su ne domin mai son shiga irin wannan zama, ko mai son kafa nasa a unguwarsu, ya san abin da zai tarar.

Mene ne zaman duba rubutun juna? Aji ne?

Ba aji ba ne, domin babu malami babu ɗalibi. Marubuta ne kaɗan, biyar ko shida, kowa da labarinsa da bai kai maɗaba'a ba tukuna. A karanta na wannan a tattauna, a koma kan na wancan. Wanda aka yi wa gyara yanzu, shi zai yi wa wani an jima.

Abin ba baƙo ba ne a duniyar rubutu. Jami'ar Iowa ta Amurka ta yi suna da irin wannan zama tun daga 1936, kuma ƙungiyar SCBWI ta marubuta da masu zanen littattafan yara, wadda aka kafa a 1971, tana ƙarfafa 'ya'yanta su riƙa zama rukuni-rukuni suna duba aikin juna. A gida ma marubutan Kano sun daɗe da sanin amfanin haɗa kai, ƙungiyar Raina Kama ta ishe mu shaida. Sai dai ƙarfin marubutanmu ya tafi ne ga littattafan manya da matasa. Ɗan shekara huɗu ba a cika tunawa da shi ba.

Wane irin littafi kuke nufi? Ai Magana Jari Ce ma akwai hotuna a ciki.

Akwai. Amma ka cire hotunan nan gaba ɗaya, labaran Alhaji Abubakar Imam za su tsaya da ƙafarsu, babu abin da zai ragu. Littafin da muke magana a kai ba haka yake ba. Rabin labarin yana cikin kalmomi, rabi yana cikin zane, in aka cire ɗaya sai ɗayan ya gurgunce. Ana yin sa ne don yaron da bai iya karatu ba ko yanzu yake farawa, daga shekara 3 zuwa 7 ko 8. Babba na karantawa da murya, yaro na bin hoto da ido. Yawanci shafi 32 ne, kalmomin kuma ba su cika wuce 500 zuwa 600 ba.

Mai son ganin irinsa da Hausa ya leƙa African Storybook ko StoryWeaver a intanet, karatunsu kyauta ne. Da yawa daga cikin na Hausar fassara ne, saboda haka ka karanta su da murya, ka lura da inda harshen ya sauka daidai da inda ya yi tauri. Wannan ma horo ne.

Me ya sa a Legas? Ba Kano ko Zariya ne gidan rubutun Hausa ba?

Su ne, babu musu. Amma dubi yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. A makarantar boko da Turanci ake koya masa, ga Yarbanci da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa a makarantu. Da yamma Larabci a Islamiyya. A layi kuma Buroka. Hausa tana kunnensa tana bakinsa, amma zai iya gama firamare bai taɓa ganin ta a rubuce cikin littafin da aka yi dominsa ba. In an yi sa'a an kawo masa tsarabar littafi daga Arewa, sai ya tarar da rumbu da rijiya da gonar gero, abubuwan da yake ji a bakin kakarsa. Yana da kyau ya san su. Yana kuma da haƙƙin ya buɗe littafi ya ga danfo, motar hayar nan mai ruwan ɗorawa, ya ga kwandunan tumatir ana sauke su a Mile 12, ya ga jirgin ƙasa yana ratsa Agege, ya ga yaro irinsa a ciki yana magana da Hausa. Wannan littafin babu mai rubuta shi sai mu da muke zaune a nan.

Labarin da bai kai kalma 500 ba, ina abin taruwa a kansa?

Gajartarsa ce ta sa yake buƙatar taron. A littafi mai shafi 200, jimla ɗaya maras kyau takan ɓace cikin 'yan'uwanta. A nan ba ta da wurin ɓuya. Kuma littafin da yaro ya ƙaunata, za a karanta masa shi yau, gobe, jibi, har uwar ta haddace. Kalmar da ke sa harshe tuntuɓe za ta sa shi tuntuɓe kowane dare.

Yaya zaman yake gudana?

Kowa yakan turo labarinsa kwana uku ko huɗu kafin ranar, domin a karanta a gida a yi alama da biro. Ranar zama a zaɓi mai kula da lokaci, a ba kowane labari kamar minti ashirin zuwa talatin. Da farko wani dabam, ba mai labarin ba, zai karanta shi da murya tun daga farko har ƙarshe ba tare da an katse shi ba. Sannan a zagaya, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai, da inda ya ɓace, da inda hankalinsa ya bar wurin. Duk wannan lokaci mai labarin bai ce uffan ba, rubutawa kawai yake yi. Sai an gama zagaye a ba shi dama ya yi tambayoyinsa. A ƙarshe kowa ya miƙa masa takardar da ya yi wa alama.

In mutane sun haura shida, lokaci ba ya isa, kuma masu kunya sukan shige bayan masu baki. Gara a rabu gida biyu.

Me ya sa ba ni zan karanta labarina ba? Ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Daɗin nan ne matsalar. Kai ka san inda za ka ja murya, ka san inda za ka tsaya, ka san kalmar da za ka haɗiye da sauri don kada a ji nauyinta. Muryarka tana rufa wa rubutunka asiri. Amma littafin ba da kai zai shiga gidajen mutane ba. Uwa ce za ta ɗauke shi bayan isha'i ta gaji, ko yaya 'yar aji biyar mai haɗa baƙi a hankali, ko malamin da bai taɓa ganinsa ba sai da ya tsaya gaban aji. Abin da ke kan takarda kaɗai suke da shi.

Ga kuma wani abu da ya shafi rubutun Hausar boko: ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu daga ma'anar jimla yake gane yadda zai furta kalma. In ka ji wanda ke karanta labarinka ya faɗi kalma, ya tsaya, ya koma ya sake ta da wani sautin, to jimlar ba ta shiryar da shi ba. Ja layi a wurin. Duk inda numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, nan ma ja layi. Sau da yawa kafin kowa ya buɗe baki da sharhi, mai labari ya riga ya ji rabin gyaransa da kunnensa.

To me ya sa zan yi shiru ana magana a kan aikina?

Domin da zarar ka ce "abin da nake nufi shi ne", an daina duba labarin an koma duba bayaninka. In mutum uku ba su gane cewa kakar ce ta ɓoye takalmin ba, to ba ya cikin rubutun, komai yadda yake a fili cikin kanka. Shirun na ɗan lokaci ne, kuma ba ya nufin a bar kowa ya yi maka yadda ya ga dama. Mai kula da lokaci shi ne kuma mai tsawatarwa in wani ya bar labari ya koma kan mai shi.

Akwai wadda ta yi sa'ar mahaifiyata a zaman. Ta yaya zan gaya mata labarinta bai yi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurinmu, kuma ita ce ke kashe irin wannan zama in ba a yi mata tanadi ba. Mun taso da kara da kunya, kuma ba abin yarwa ba ne. Amma in aka zagaya kowa ya ce "Masha Allah, Hajiya, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", aka tashi, to an cuce ta. Ta biya kuɗin mota, ta sha cunkoso, ta koma gida da labarinta yadda ta zo da shi. Daga nan ta kai shi maɗaba'a ta zuba kuɗinta.

Mafita ita ce kada ka yanke wa labarin hukunci, ka ba da labarin abin da ya same ka kana sauraro. Kada ka ce ya rikice. Ka ce, "Hajiya, da aka zo wurin da Ummi ta shiga kasuwa, sai na kasa gane ko ita kaɗai ce ko da yayarta." Ko ka ce, "Malam, Allah ya gafarta, tun daga inda uban ya fara magana har zuwa inda suka hau mota, hankalina ya ɗan tafi." Babu rashin kunya a nan, kuma babu mai musa maka, tunda abin da ka ji ka faɗa. Shi kuwa mai labari ya samu abin da zai kama.

Wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, ta fito da wani tsarin sharhi a 1990 wanda ya dace da ɗabi'armu ƙwarai. A fara da abin da ya taɓa mai sauraro. Sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin. Sai masu sauraro su yi tambayoyin da ba a ɓoye hukunci a cikinsu ba. Ra'ayi shi ne na ƙarshe, kuma sai an nemi izini: "Anti, ina da ra'ayi kan ƙarshen nan, in kin ba ni dama." Tana iya cewa bismillah, tana iya cewa a bari sai wani zaman. Neman iznin nan yana sauke nauyi daga ɓangarorin biyu.

Yabo ba haramun ba ne. Sharaɗinsa dai ka nuna wurin. "Amshin nan da ke dawowa duk lokacin da akuyar ta kuɓuce, shi yara za su riƙe" yabo ne mai amfani, domin ya gaya wa marubuciya abin da ba za ta taɓa ba in ta zo gyara. Sabon zuwa kuma a gaya masa tun ranar farko cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wace matsala kuka fi gani a labaran da ake kawowa?

Wa'azi. Babu ta biyunta.

Ga yadda yakan zo. Audu ba ya wanke hannu. Mama ta yi masa faɗa, bai ji ba. Cikinsa ya yi ciwo. Likita ya yi masa dogon bayani. Audu ya tuba. Shafin ƙarshe: darasin da ke cikin wannan labari. Niyyar mai rubutun kyakkyawa ce, kuma mu ma iyaye ne, muna son tarbiyya. Amma yaro yana shan faɗa a gida da makaranta da Islamiyya, ya san ƙamshinsa tun daga shafi na biyu, kuma ba zai ce a sake karanta masa ba. Littafin da ba a sake buɗewa ba kuwa babu tarbiyyar da zai koyar.

Tambayoyi uku muke yi wa irin wannan labari. Me yaron da ke ciki yake so, shi da kansa, ba abin da manya ke so ya zama ba? Me ya tare masa hanya? Kuma wa ya warware matsalar? In amsar ta ƙarshe ita ce Mama ko Malam ko likita, to labarin na manya ne aka saka yaro a ciki. A bar yaron ya gwada ya faɗi, ya sake gwadawa, ya samo hanyarsa, ko da ƙarama ce. Manya su kasance a gefe.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Mai tatsuniya ba ta tsayawa ta ce, to yara, kwaɗayi ba shi da kyau. Takan bar Gizo ya faɗa ramin da ya haƙa, ta ce ƙurunƙus, yara su tafi kwanciya suna dariya, kuma babu wanda bai gane ba. In ka cire shafin darasi labarinka ya rasa ma'ana, gyaran ba a shafin ƙarshe yake ba, a tsakiya yake.

Bayan wa'azi sai dogon shimfiɗa. Shafi uku ana gaya mana sunan gari da sunan iyaye da kyawun halin yarinya, ba abin da ya faru. Yaro ba ya jira.

Me ya sa kuke cewa kowa ya zo da littafin gwaji na takarda?

Ɗauki farar takarda guda 8, ka haɗa su ka ninke biyu. Ka samu shafi 32. Adadin ba ra'ayin kowa ba ne, daga injin ɗab'i ya fito: ana buga shafuka da yawa a babbar takarda ɗaya, a ninke a yanke, shi ya sa littattafan nan suke zuwa 24 ko 32 ko 40. Shafukan farko na sunan littafi ne da bayanin haƙƙin mallaka da sadaukarwa. Abin da zai rage wa labari bai wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, wato shafi biyu masu kallon juna.

Sai ka yanyanka rubutunka da almakashi, ka manna kowane yanki inda kake ganin zai zauna. Nan take abubuwa ke fitowa fili. Za ka ga buɗi uku a jere mutum biyu suna zaune a ɗaki ɗaya suna magana, mai zane ba shi da sabon abin nunawa. Za ka ga shafi ɗaya ya cika ya batse, na gaba da shi babu komai. Za ka ga ƙarshen ya zo a guje domin wuri ya ƙare.

Babban amfaninsa shi ne juya shafi. A ce ƙasan shafin dama ya ƙare da "Ummi ta ɗaga murfin kwandon a hankali", sai an juya sannan a ga ɗan akuya ya leƙo da tumatir a baki. Wannan ɗan jiran da yaro ke yi, hannunsa a kan takarda, shi ne abin da littafi mai hotuna ya fi kowane irin rubutu da shi. A kan allon waya ko takardar da aka buga a jere ba za a ga ko ka yi amfani da shi ko ka yi asararsa ba. Shi ya sa muke zagayawa da littafin gwajin hannu zuwa hannu.

Ban iya zane ba. Zan iya shiga?

Ƙwarai. Yawancin masu rubuta irin waɗannan littattafai ba su ke zana su ba. Abin da za ka koya shi ne bar wa mai zane rabonsa. "Ummi ta saka jan hijabi, ta ɗauki koren bokiti, ta fita tana murmushi" jimla ce da ta cinye aikin mai zane. "Ummi ta fita ɗibar ruwa" ta isa, sauran ido zai gani.

Wurin da ake barin ɗan bayani ga mai zane shi ne inda hoto zai faɗi abin da kalmomi ba su faɗa ba. Rubutu ya ce, "Ummi ba ta tsoron komai", hoto kuma ya nuna ta ta maƙale a bayan babbar rigar Baba a kasuwar Alaba Rago, ragon layya yana kallonta. Yara suna matuƙar son wannan, domin sun gano abin da mai karatu bai faɗa ba. A nan dole ka rubuta layi ɗaya na bayani. In babu irin wannan dalili, kada ka tsara masa launin labule.

In akwai mai zane da zai riƙa zama da ku, ku riƙe shi da kyau. Yakan ga abin da marubuta biyar ba su gani ba.

Wasu iyaye ba sa son hoton mai rai. Kuna tattauna wannan?

Zaman ba wurin fatawa ba ne, mai neman hukunci ya tambayi malamansa. Abin da muke cewa kawai shi ne marubuci ya san gidajen da yake son littafinsa ya shiga, ya yanke shawara tun kafin a fara zane. Akwai masu zana mutane ba tare da ido da baki ba. In haka ka zaɓa, ka sani fuska ba za ta nuna tsoro ko murna ba, sai tsayuwar jiki da kalmominka su ɗauki wannan nauyin, kuma da wannan idon za mu duba rubutun.

Wace Hausa za a rubuta? A zamanmu akwai Bakano, akwai Basakkwace, akwai mutumin Maraɗi, akwai haifaffen Agege.

Wannan arziki ne na Legas da ba kowane gari ke da shi ba. Labarin da ya wuce ta waɗannan kunnuwa huɗu kowa ya gane, zai shiga ko'ina. Shawararmu ita ce muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, tunda da ita yaro zai haɗu a sauran littattafai. A bakin taurarin labari kuwa akwai sarari. Kaka da ta zo daga Sakkwato tana iya cewa "shina zuwa", jikanta ya yi mamaki. Danfo kuma danfo ne, kada a canza masa suna.

Inda ba ma sassauci shi ne ƙa'idar rubutu. Ɓ da ɗ da ƙ da 'y su fito da lanƙwasarsu, domin baki daban baƙi daban. A rubuta "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe. Babba zai iya gyara kuskure a ransa ya wuce, amma mai koyon karatu abin da ya gani shi zai ɗauka daidai. Yana da kyau a ware mutum ɗaya mai ido a kan wannan, ya yi alamarsa a takarda, kada a cinye lokacin zama ana jayayya kan rabin kalma alhali ginin labarin bai tsaya ba.

Labarina a waƙe yake. Ya halatta?

Ya halatta, amma za mu fi tsananta masa. Amsa-amo a Hausa ba wuya, tunda kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Wuyar tana wurin kari. In baiti ya fara da wani ma'auni ya sauka da wani, mai karatu zai ji ko bai san sunan abin ba. Mukan sa a karanta ana tafi a hankali, inda tafin ya ɓace nan ne ciwon. Tambaya ta biyu: in aka zare waƙar aka faɗi abin da ya faru da magana zalla, akwai labari? Sau da yawa hanya mafi kyau ita ce ta tatsuniya, zube da ɗan amshi mai dawowa wanda yara za su riƙa karɓa.

Ba za a sace mini labari ba?

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar sanarwar aiki ga mai so. Abin da doka ke karewa shi ne yadda ka rubuta, ba ainihin tunanin ba. Labarin yarinya da ɗan akuya kowa na iya yin nasa, kalmominka ne ba mai ikon ɗauka. A aikace amana ce ke riƙe zaman: ba a tura rubutun wani zuwa wani zauren WhatsApp, ba a ɗaukar hotonsa, takardu kuma a mayar wa mai su. Ka riƙa ajiye kowane kwafi da kwanan wata.

Ba gara in karanta wa yara kai tsaye ba? 'Ya'yana sun ce ya yi daɗi.

'Ya'yanka suna son zama kusa da kai, kuma sun san amsar da za ta faranta maka. A gwada da yara, amma bayan manya sun duba, kuma da yaran da ba naka ba, da iznin iyayensu ko shugaban makaranta. Wani ya karanta, kai ka zauna a baya. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Dubi inda suka matso, da inda suka fara tsokanar juna. In an gama ka ce wani ya ba ƙaninsa labarin. Abin da ya tsallake, ka sake duba ko ana buƙatarsa.

In sharhin mutum biyu ya ci karo fa?

Labarin naka ne. Ka tafi da takardun gida, ka bar su kwana biyu kafin ka taɓa komai. In mutane da yawa sun tsaya a wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da kowa ya kawo daban ne. Yarda da su kan inda ciwon yake, maganin kuma ka nemo naka.

Ina Ikorodu, wani yana Ajah, wata tana Agege. Ta yaya za a haɗu? Kuma nawa ake biya?

Sau ɗaya a wata ya isa, kuma Lahadi da hantsi hanya ta fi sauƙi, a tashi da azahar kowa ya isa gida da rana. Aji a wata makaranta ko falon wani daga cikinku ya wadatar. Tsakanin zama da zama ana iya aiki ta waya: a tura rubutu, wani ya karanta shi cikin saƙon murya, sauran su amsa. Amma sharhi a rubuce yakan fi zafi fiye da yadda mai shi ya nufa, saboda haka magana mai nauyi a bar ta sai an haɗu ido da ido.

Ba a biyan kowa. Karo-karo ne na ruwan sha da kuɗin buga takardu. Wanda ya ce ka biya shi kuɗi mai yawa da alkawarin zai kai ka ga kamfanin buga littafi, ka bincika sosai kafin ka ciro ko sisi.

Labari ya gyaru. Sai me?

Ka fara da zuwa inda littattafan suke ka taɓa su da hannu. Bikin littattafai da fasaha na LABAF, wanda aka faro a 1999, ana yin sa a Freedom Park cikin Nuwamba. Bikin littattafai na Aké ya koma Legas daga Abeokuta a 2018. Akwai kuma bikin Akada, wanda na littattafan yara ne zalla. A irin waɗannan wurare ake haɗuwa da masu zane da masu buga littafi. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 tana zagayowa kan adabin yara, amma littattafan da suka ci ta da Turanci suke, kada mai rubutun Hausa ya ɗora lissafinsa a kanta. Shirye-shiryen koyar da karatu irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun nuna ana buƙatar abin karantawa da Hausa a ƙananan azuzuwa. Kasuwarmu ta kusa kuwa iyaye ne da Islamiyyu da makarantu masu zaman kansu na unguwanninmu.

In kamfani ya karɓi labarinka, galibi shi ke zaɓar mai zane. In da kanka za ka buga, ka yi yarjejeniya a rubuce da mai zane kan kuɗi da lokaci da wanda ya mallaki hotunan. Bugun launi yana da tsada, ka zagaya Shomolu ka ji farashi a wurare da dama kafin ka tsayar da adadi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma doka ta ce mai buga littafi mai zaman kansa ya ajiye musu kwafi 3. Mai aikin kwamfuta a maɗaba'a ba lalle ya ji Hausa ba, kuma ba kowane salon baƙi ne ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, wani sai ya mayar da su akwati ko ya sauya musu siffa a tsakiyar kalma. Ka karɓi bugun gwaji, ka kawo shi zama a bi shi layi-layi da mutum biyu ko uku, sannan ka sa hannu a buga.